Tsagar Fuskar Safiyatu

Saura mako guda bikin Sundus, amma yarinyar nan ba ta ajiye littafin jarrabawarta ba. Kullum bayan la'asar, a gidansu na unguwar Khalidiyya, can ƙasar Larabawa, sai ta fassara wa kakarta Safiyatu shi da Hausarta mai cike da Larabci. Labarin wata mace ne 'yar Cheyenne, mutanen asalin Amurka, wadda ta auri Baturen da ya zo noma a ƙasarsu.

"Da 'ya'yanta suka girma fa?" in ji Safiyatu.

"Sun koma birni, ya Hajja. Sun daina ambatonta."

Safiyatu ta yi tsaki. Ita kuwa da ƙafa ta zo daga Gobir tana budurwa, ta auri Balarabe mai gonar dabino a Khaibar, ta haifa masa Yazid, mahaifin Sundus, fari sol kamar ubansa. Tsagar Gobirawa tana nan a kumatunta, amma a titi niƙabi na rufe ta.

A zauren biki kuwa mata zalla ne, kowa na tuɓe niƙabi. Abin da ya hana Yazid sukuni ke nan, domin dangin ango masu ƙirga kakanni ne, kuma bai taɓa gaya musu wacece uwarsa ba. Ranar Laraba ya durƙusa gabanta, yana kame-kame.

"Ummi, ki bar fuskarki a rufe. Na rana ɗaya kawai."

Abin ya ƙona mata rai ƙwarai. Ta amsa, ba don shi ba, don kada auren jikarta ya lalace. Can cikin zuciyarta kuma tana cewa Sundus ba za ta yarda ba. Ai a bayanta ta girma, tun tana jaririya take wasa da wannan tsagar.

Ranar bikin ta zauna a gefe, ita kaɗai sanye da baƙi wuluk, fuska a rufe, cikin mata ɗari biyu masu kwalliya, gumi na bin wuyanta. Da aka zo gaishe-gaishe ta matsa ta riƙe hannun amarya, ta yi mata addu'a a hankali da Hausa.

Uwar ango ta dube ta sama da ƙasa. "Wacece wannan, ya Sundus?"



"Mai rainona ce," in ji Sundus da Larabci. "Ta daɗe a gidanmu."

Uwar ango ta yi murmushi, ta miƙa wa Safiyatu mayafinta ta rataye mata.