Inda Kogin Ƙanƙara Ya Sauke Kayansa

A yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba sai wannan. Karatu kawai na iya, shi ma a lungu. Amma abin a ƙauyenmu ya faru, kuma na ga babu mai niyyar rubuta shi.

Dutse ne mulmulalle kamar ƙwan agwagwa a tafin hannun Orvokki. Ta juya shi, ta ɗan lashe gefensa don launinsa ya fito, sannan ta jefa shi aljihu. Ƙanenta Tauno yana tsaye a bayanta, ya saɓa dogon ƙarfen da ake sokawa a ƙasa, sauro na shagali a wuyansa.

"Yaya, ashe karatun da kika je yi Helsinki ke nan? Lasar duwatsu?"

"Da ka fara lasa tun kana yaro, da yanzu ka yi hankali. Soka nan."

Hanyar ƙauyen ce ta haɗa su da wannan aiki. Duk shekara idan ƙanƙara ta narke, hanyar takan koma kunu. Bara motar asibiti ta kafe da tsohuwa Hilja a ciki, sai da Tauno ya jawo ta da taraktarsa. Majalisar gari ta ce a gyara, gyara kuwa sai da tsakuwa, tsakuwar da kowa ya sani kuma tana cikin Doro, dogon tudun nan siriri da ke ratsa daji yana lanƙwasa kamar maciji. A gindin Doro idon ruwanmu yake, wanda ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu, shi ne kuma ke shiga famfon kowane gida. A fasa tudun, ruwan ya tafi. Saboda haka aka kira Orvokki, wadda aikinta shi ne zana taswirar inda yashi da tsakuwa ke kwance. Aka ce ta nemo wani wurin kafin dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. In ba ta samu ba, katafila za ta hau Doro.

Tauno bai sa rai ba. Ya biyo ta ne don ta ce ba ta da mai ɗaukar ƙarfe.

"Doron nan kogi ne," in ji ta, suna tafe a kansa. "Lokacin da ƙanƙara ta danne ƙasar nan kaf, ruwa ya yi rami a ƙarƙashinta yana gudu, yana mirgina duwatsu. Ƙanƙara ta narke, ya bar su a jere. Ka lura? Can arewa kamar kan mutum suke, nan kamar ƙwai. Gudunsa na raguwa. Akwai inda ya gaji ya zube sauran kayan gaba ɗaya."

"Ya zube a fadama, kowa ya sani. Ga ta can."

Gaskiyarsa. A gabansu Doro ya sunkuya ya nutse cikin fadama mai baƙin ruwa, daga nan babu ko alamarsa. Orvokki ta gyara takalmin robarta ta shiga.

Abin da Tauno ya gani a kwanakin da suka biyo baya, bai taɓa zaton yayarsa ta iya ba. Shi ke danna ƙarfen, ita kuma ta dafa kan ƙarfen da tafin hannu ta rufe ido. Laka, in ji ta, shiru take yi. Yashi raɗa yake yi. Tsakuwa kuwa cizon haƙora take. Inda ƙarfen ya ciji haƙora sai ta ɗaura jan ƙyalle a kara, ta sa ɗigo a taswira. Ta nutse har cinya ta fito tana dariya. Da rana su zauna a kan kututture su sha gahawa da baƙin burodi, ita tana kallon itatuwa tana gaya masa abin da ke ƙarƙashin kowanne. Sannu a hankali ya daina tsokanarta. Har ya fara sa hannunsa a ƙarfen idan ta juya baya.

Wata safiya ya waiwaya. Jajayen ƙyallayen sun jeru a bayansu, sun lanƙwasa daidai yadda Doro ke lanƙwasa, kogin da ya mutu tun kafin a yi mutane a nan ya fito fili a kan fadama. Sai ya juyo ya bi layin da ido zuwa gaba, ya ga inda ya dosa: wani faffaɗan tudu mai dogayen itatuwa masu jan ɓawo, da ɗan gidan katako a kansa, da ɗakin sauna a gefe, inda ake zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi a yi wankan tururi.

Gidan hutun mahaifinsu ne. Shi ya sassaƙa kowane gungume da hannunsa, ya rasu ya bar musu su biyu.

Tauno ya yar da ƙarfen.

"Kin sani."

"Na yi zato."

"Tun yaushe?"

Ta wuce gaba, ya bi ta har cikin saunar. Ta ɗauko dutse ɗaya daga kan murhun, baƙi ƙirin saboda hayaƙin shekaru, ta ciro na aljihunta ta haɗa su a hannu. Kamar uwa ɗaya ta haife su.

"A bayan ɗakin nan Baba ke tono su," ta ce. "Ina yarinya na tambaye shi wa ya mulmula su, alhali babu kogi a nan. Ya ce in je makaranta in tambayo masa. Ka tuna yadda yake cika baki cewa ramin da yake ajiye dankali bai taɓa yin ruwa ba?"

"To ki karkatar da layin mana! Wa zai sani? Ke kaɗai ke jin maganar ƙarfen nan."

"Ba ni na ja layin ba, Tauno. Kwafa kawai nake yi."

"Ki ce ba ki samu ba."

"Sai su hau Doro. Kai za ka riƙa kai wa Hilja ruwa a jarka?" Ta mayar da baƙin dutsen wurinsa a hankali. "Babu mai shan ruwan tudun nan, na duba. Ni dai zan zana abin da ke ƙasa. Amma rabin wurin naka ne. In ka ce a'a, a'a ce, kuma ba zan ga laifinka ba."

Ran nan bai sake yi mata magana ba. Amma da yamma shi ya hura wutar saunar, ya daɗe a ciki yana zuba wa duwatsun ruwa.

Ranar taron, zauren gari ya cika. An manna taswirar a bango: Doro da shuɗi, ba mai taɓa shi, jan layi ya ratsa fadama ya buɗe kamar tafin hannu a kan tudun. Orvokki ta yi bayani a taƙaice, ba ta faɗi ko na wane ne wurin ba. Shugaban majalisa ya gyara tabarau ya tambaya ko an san mai filin, ko zai yarda.

Kowa a zauren ya san mai filin. Tauno ya miƙe, hula a hannu.

"Ku bar ni in kwance saunar tukuna," ya ce. "Duwatsun murhun kuma ba sa cikin ciniki."

Mutanenmu ba masu tafi ba ne. Aka yi gyaran murya, aka sunkuyar da kai. Sai tsohuwa Hilja ta buga sandarta a ƙasa ta ce a kawo gahawa, ai ruwan bai ƙare ba. Nan aka yanyame Tauno, wannan ya dafa kafaɗarsa, wancan ya cusa masa burodi mai kirfa. Shugaba ya fara jawabi a kan hangen nesan majalisa.

"Ba ni ba ne," Tauno ke ta faɗi. "Yayata ce. Ku da kun ga yadda take sauraron ƙasa..."

Ya juya zai nuna ta. Kujerarta babu kowa, sai kofinta a kai yana tururi. Ta taga ya hango ta can kan hanya, ta ɗaga wuyan rigarta, dusar ƙanƙara ta farko a shekarar tana sauka a kafaɗunta. Ta ɗan tsaya, ta sunkuya ta tsinci wani abu a bakin hanya, ta jefa aljihu, ta ci gaba da tafiya.