Murya ta Biyar

Bas ɗin bai gama fita daga Nakasi ba Vasemaca ta miƙa wa direba wayarta.

"Don Allah Waisake, saka mana wannan. Ka ƙure sautin."

"Waƙar wa ce?"

"Tamu ce," in ji mahaifinta Sakiusa daga kujerar baya, yana gyara wuyan rigarsa mai furanni. "Buɗe kunne, yau za ka ji kiɗa."

Direban ya cire abin da yake ji, ya jona wayar. Sifikokin bas ɗin nan in suka tashi har a ƙirji ake jin su. Amma abin da ya fito sai ka ce daga cikin gwangwanin kifi ake rera shi. Jitoci suna ƙyas-ƙyas, muryoyin tsofaffi huɗu sun yi siriri, babu kauri ko kaɗan.

Wata mata mai kwandon gwaza ta waiwayo ta ce, "Sauro ne suka kafa ƙungiya?"

Bas ya kwashe da dariya. Sakiusa ya fi kowa ƙyaƙyatawa, har da buga cinya. Vasemaca kuwa ji ta yi kamar ta shige ƙarƙashin kujera.

Ita ce ta ɗauki waƙar a barandar gidansu, da makirufo biyu na aro da tsohuwar kwamfutarta. Mahaifinta da abokansa uku sun fi shekara talatin suna zama a barandar nan da yamma, suna zagaya ƙoƙon yangona, abin shan gargajiyarsu, suna kaɗa jita, amma ba a taɓa ɗaukar muryarsu ba. Yanzu Kawu Peniasi, yayan mahaifiyarta, mai jan baki a waƙoƙinsu, zai koma ƙasar waje, can Brisbane, wurin 'yarsa. Gobe za a yi masa walimar bankwana, kuma waƙar ce kyautar da za a ba shi. Babu zancen sake ɗauka, jitarsa ma ta riga ta shiga akwati.

"A kunnena ba haka take ba, Baba," ta ce a hankali. "Wallahi a hedifon ɗina da daɗi take."

"To ai sai mu raba wa kowa hedifon ɗinki a wurin walima."

Nan ta gane inda matsalar take. Hedifon ɗinta irin na 'yan gayu ne, mai kumbura duk wani sauti mai kauri. Da tana haɗa waƙar, sai ta riƙa jin bes, wato kaurin sautin, ya yi yawa tana rage shi, tana ragewa, har ta kwashe shi kaf. Abin ya yi mata ƙarya, ita kuma ta yarda.

Da suka sauka a tashar Suva, babban birni, ana yayyafi. Suka ratsa kasuwa, Sakiusa na tsayawa gaisawa da duk wanda ya sani, har suka isa wani ɗan shagon kayan lantarki a cikin gari. Mai shagon, Vimlesh, yana cin gurasar roti a bayan kanta. Ya goge hannu ya miƙe.

"Hedifon nake so," in ji Vasemaca. "Wanda ba ya ƙarya."

"Na haɗa waƙa ke nan."

"E. Kuma wanda zan iya sawa a bas in ji abina. Amma ka san ma'aikaciyar ofishin tikitin jirgin ruwa ce ni, kada ka nuna mini na saman can."

Vimlesh ya yi murmushi, ya sauko da uku ya jera. Kafin ya yi magana Sakiusa ya riga ya ɗauko wani ja mai walƙiya daga rataye, wanda fitila ke zagaya kunnuwansa. Ya kafa a kai ya juya gaban madubi.

"Wannan shi ne! Kalle ni, kamar matuƙin jirgin sama."

"Baba, irinsa ne ya kunyata mu ɗazu."

"Ni dai ban ji kunya ba. Matar nan ta iya magana."

Vasemaca ta fito da kwamfutarta ta ɗora a kan kanta. Na farko da ta gwada bayansa a buɗe yake, da 'yar raga. Sautin ya baje, ya yi fili, kamar tana zaune a barandar. Amma tana jin ƙarar motocin titi, kuma mahaifinta daga inda yake tsaye ya kama bin waƙar.

"Wannan sai ɗakin da babu kowa," in ji Vimlesh. "Kina da ɗakin da babu kowa?"

"A gidanmu?" Sakiusa ya ce. "Ko a banɗaki sai an buga maka ƙofa."

Na biyu ya matse mata kai, kafin waƙar ta kai rabi kunnuwanta sun jiƙe da gumi. Ta cire ta ajiye. Na uku baƙi ne, ba shi da wani ado, kamar an ƙera shi ne don a manta da shi a aljihun tebur. Vimlesh ya nuna mata cewa wayarsa tana cirewa, in ta tsinke a sayi wata, haka ma soson kunnen.

"Ba zai burge ki da farko ba," ya ce. "Abin da ke ciki kawai zai faɗa miki."

Ta saka. Hayaniyar titi ta ja baya. Waƙar ta fito tsirara, siririya kamar yadda ta fito a bas, sai ta ji daɗin hakan ya kama ta. Ta mayar da bes ɗin da ta kwashe, kaɗan-kaɗan, har jitar Kawu Peniasi ta dawo da jikinta. Yanzu tana iya ware kowa: ga mahaifinta yana shigowa a makare kamar kullum, ga tarin abokinsa Malam Timoci, ga ƙarar ƙoƙo da aka ajiye a tabarma.

Sai ta tsaya cak.

Ta mayar da waƙar baya. Ta kashe makirufo ɗaya, ta bar wanda ya kalli tagar kicin. Can ƙasa, a bayan muryoyin maza, akwai wata murya. Ta mace ce. Tana bin amshi, tana hawa sama da su, a hankali, kamar mai waƙa ba ta san tana yi ba. A tsakiyar baiti har ana jin ƙarar murfin tukunya.

"Baba," ta ce, "zo ka ji."

Sakiusa ya cire jan hedifon, ya karɓi baƙin. Da farko yana gyaɗa kai yana murmushi, yana jin kansa. Sai murmushin ya tsaya. Ya dafe kunnuwan da tafukansa biyu, ya sunkuyar da kai. Ya daɗe a haka.

"Akanisi ce," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Uwarki ce!"

Duk unguwa an san ra'ayin Akanisi game da ƙungiyar. Takan ce hayaniyar tsofaffi ce da ke hana ta jin labarai a rediyo. Da aka ce yayanta zai tafi, cewa ta yi Allah ya raka taki gona, ya tafi, ko ta huta da dafa rogon mutum guda. Ko a coci, leɓe kawai take motsawa.

Sakiusa ya cire hedifon ɗin, ya share ido da bayan hannu, sai kuma ya fashe da dariya.

"Kin ji ta ko? Kin ji ta?" Ya tura wa Vimlesh. "Saka ka ji matata. Da wannan muryar ta kama ni a gasar mawaƙan coci a Levuka. Tun da aka haifi yarinyar nan ban ƙara jin ta tana waƙa ba."

Vimlesh ya saurara har ƙarshen amshi, sannan ya ce, "Malam, ku huɗun nan ku ne 'yan rakiya."

"Ai na sani!"

Suka sayi baƙin. Vimlesh ya ƙara musu 'yar jakar yadi kyauta saboda damina. A hanyar komawa Vasemaca ta ɗora kwamfutar a cinya tana aiki, mahaifinta na leƙe yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Kafin su wuce Nabua waƙar ta miƙe. Abu ɗaya ya rage, shi kuma ba nata ba ne ta yanke.

Sun tarar da Akanisi a kicin tana matse madarar kwakwa a kan kifi, ga tulin gwaza da aka fere saboda gobe.

"Kun dawo? An sayo abin ɓata kuɗin?"

"An sayo, Mama. Ki ɗan ji mana, ko waƙar ta yi."

"Hannuna da kwakwa. Kuma na ji ta har ta ishe ni."

Vasemaca ba ta jira ba, ta ɗora mata hedifon ɗin a kai ta danna. Sakiusa ya jingina da ƙofa yana kallon rufi.

Akanisi ta ci gaba da matsar kwakwa, fuska a ɗaure. Baiti na farko ya wuce. Da aka zo amshi hannunta ya tsaya. Madara na ɗiga daga yatsunta cikin kwano. Ta kalli 'yarta, ta kalli mijinta, ta kalli tagar.

"Wa ya ba ku izini?" ta ce da ƙarfi.

"Ba da gangan ba ne, Mama. Makirufon ne ya kalli taga. Ni ma sai yau na ji."

"Cire ta."

"Akanisi..." in ji Sakiusa.

"Kai, yi shiru. Kai da kake shigowa a makare. Cire ta, Vase. Ba za a tara mini mutane gobe ana dariya ba."

Vasemaca ta ja kujera ta zauna. Ba ta yi gardama ba. Ta nuna mata allon. "Ga ki nan, wannan layin na ƙasa. In na ja wannan ƙasa, kin ɓace. Babu wanda zai sani."

Akanisi ta goge hannu a zaninta, ta matso. Ba ta cire hedifon ɗin ba. Waƙar ta kai wurin da Peniasi ke jan baiti na ƙarshe shi kaɗai, ita kuma daga kicin tana biye da shi, muryar wa da ta ƙanwa suna tafiya tare. Ta tsaya tana ji har ya ƙare. Ta ja hanci, ta ce albasa ce, alhali babu albasa a kicin ɗin.

Vasemaca ta ɗora yatsa a kan madannin.

"Dakata," in ji Akanisi. "In an ja ƙasa na ɓace. In an tura sama fa?"

"Sai ki fito sosai."

Akanisi ta kalli layin. Ta gyara zaman hedifon ɗin a kanta, ta jawo kujerar mijinta ta zauna kusa da 'yarta.

"Tura kaɗan," ta ce. "Peni ba ya ji sosai da kunnen hagu."