Hancin Farfesa

Shekara goma da wani abu ina kiwon bakteriya a cikin kwalba. Kullum safiya nakan ɗebi ɗigo daga kwalbar jiya in zuba a sabon romo, su ci, su hayayyafa, gobe in maimaita. Lokaci-lokaci nakan ɗebi kaɗan in daskare a firiza, don in iya komawa in kwatanta jikoki da kakanninsu, in ga yadda halitta ke sauyawa a kan idona. Sana'ar ke nan. Ba su san ranar hutu ba, ba su san zazzaɓi ba, saboda haka ni ma na daina sani. Mahaifiyata tana kiransu 'ya'yan kwalba, 'yata Auta kuwa tun tana tatata take ce musu ƙannenta, don ta ga su ake fara ba abinci kafin ita.

Kakanninsu daga kwatar bayan asibiti na kwaso su da hannuna, kuma wallahi ban taɓa jin ƙyamarsu ba. Abin da nake ƙyama a ɗakin gwajinmu mutum ne, Farfesa, shugabanmu. Tsohon hannu ne, irin waɗanda suka koyi aiki tun kafin injuna, masu alfahari da cewa da hanci suke gane bakteriya. Ya buɗe farantin da ake tsirar da su a ciki, ya kai hanci har ya kusa taɓawa, ya ja numfashi ya lumshe ido, sannan ya faɗi sunanta. Abin haushin, yawanci yakan dace. Ga shi da mura wadda ba ta da rani ba ta da damina. Hankicinsa ɗaya ne a sanina, ya fyace, ya duba abin da ya samu, ya naɗe ya mayar aljihu, ya miƙo maka hannun nan ku gaisa.

Na sha gaya masa, cikin ladabi, cewa kwalabena ba na sunsuna ba ne. Yakan yi dariya ya ce yaran zamani sun mayar da bakteriya kamar jaririn da ba a yi wa allura ba.

A shekara ta uku abin da ya yi mini suna ya faru. Bakteriyar da ke ɗaukar yini kafin su dama romon suka koma dama shi kafin azahar. Na yi murna har na yi kuka. Na rubuta cewa sun yi tsalle guda a sauyin halitta, aka buga, aka gayyace ni taruka, ɗalibai suka riƙa kirana Dakta mai tsalle. A lokacin gutsure kawai muke iya karantawa daga rubutun gadonsu, wanda ake kira DNA, kuma gutsuren bai nuna wani abin tuhuma ba.

Bana aka kawo mana injin da ke karanta rubutun gaba ɗayansa. Na sa kakannin da jikokin, ina zumuɗin in ga harafin da ya sauya ya jawo tsallen. Abin da ya fito ba shi na zata ba. Bambancin ya wuce na harafi ko na layi, ya wuce abin da shekara dubu za ta iya yi. Waɗanda ke kwalbata ba jikokin na kwata ba ne sam. Dangi ne na nesa, masu kama da su a ido da a faranti, irin waɗanda suka fi son zama a hanci da maƙogwaron mutum. Wata baƙuwa ce ta faɗo, ta fi nawa ci, ta cinye romon, nawa suka ƙare.

Ban yi wa kowa magana ba. Na jira Farfesa ya bar hankicinsa a kan tebur ya tafi wajen taro, na sa safar hannu biyu-biyu, na ɗauka da hantsaki. Ni da na tsuguna a kwata ina kwasa ko yatsina ban yi ba, ranar sai da na fita na tofar da yawu. Hankicin ya bushe ta wani gefen, ta wani gefen kuma da danshi. Na goga a faranti, na jira suka tsiro, na ba injin.

Su ne. In ka cire ɗan sauyin da zaman kwalba ya kawo, harafi da harafi su ne.

Daga nan na koma firiza ina bin baya, ina narkar da na bara, da na bara waccan, ina neman inda nawa suka tsaya. Yatsuna suka mutu don sanyi. Duk wanda na buɗe, hancin Farfesa. Sai da na kai na makon da ya gabaci tsallen na sami nawa na asali, a ɗan bututun da rubutun jikinsa ya fara gogewa. Na tuna makon sarai. Auta ce ta kwanta da ƙyanda, na roƙi Farfesa ya zuba mini romon na safiya ɗaya. Safiya ɗaya tak a duk shekarun nan.

Na same shi a ofis yana shan shayi. Na ajiye masa sakamakon, na yi bayani a tsaye. Ya daɗe yana kallo, yana jan hanci. Na zaci zai ji kunya. Sai na ga fuskarsa tana washewa.

"Ikon Allah," ya ce. "Wato nawa suka kori naki?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To ai wannan ma sauyin halitta ne, Dakta. Mai ƙarfi ya zauna, rarrauna ya tafi."

Ya ce in kwantar da hankalina. Babu wanda zai buɗe firizata ya bincika, tsohuwar takarda ta zauna yadda take, mu rubuta sabuwa a kan wannan nau'in mai ƙwazo, tunda ga shekaru na bayanai a hannu. Har ya fara tunanin sunan da za a raɗa musu, kuma ba sai na faɗi sunan wa yake so a liƙa ba. Ya laluba aljihu bai ji hankici ba, ya goge hancin da bayan hannu, ya ɗauki biro zai fara tsara take.

Na ji ƙyamarsa, na ji ƙyamar rigar aikina, na ji ƙyamar duk tafin da aka taɓa yi mini. Na ce masa zan sanar da mujallar da ta buga su janye takardar, da sunana da nasa a kai. Ya ce ina da taurin kai, kuma in tuna kujerar da ake shirin ba ni a kan tsallen nan take zaune. Na ce na tuna.

Na koma ɗakin gwaji na kwashe kwalaben na zuba a tukunyar da muke dafa shara, na murɗa ta har ƙarshe. Warin dafaffen romo ya cika ɗakin. Bayan azahar na aika wa mujallar. Sannan na ɗauko ɗan bututun nan mai gogaggen rubutu, na kankaro ƙanƙarar samansa na sa a sabon romo, na kulle akwatin ɗumin da kwalaben ke kwana da kwaɗon da na ciro daga kabad ɗina.

A gida na tarar da Auta a falo tana guga kayan makaranta. Ta kusa kamo ni a tsawo yanzu. Ba ta ɗago ba ta tambaye ni, kamar kullum, ya ƙannenta.

"Ba ƙannenki ba ne," na ce. "Ashe na hancin Farfesa ne. Tun kina ƙyanda nake renon majinarsa."

Na jira ta yi dariya, don ita ce mai dariyar gidan. Ba ta yi ba. Ta tsayar da dutsen guga, ta dube ni, ta tambaya ko na zubar da su. Na ce na dafa su ƙurmus.

"Ke nan ranar hutun nan kina gida, Mama?"

Muryarta ta koma irin ta lokacin da take tsayawa a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa tana cewa in tafi da ita. Na buɗe baki, sai na tuna kwalbar da na kulle ɗazu. Zuwa jibi za su farka, kuma da yunwa za su farka.

Auta ta karanci fuskata tun kafin in ce komai. Ta ɗauki dutsen ta ci gaba da gugarta.