Allin da Ke Aljihuna

…kuma har yanzu bai kunna wutar ba. Baba Mbarek yana tsaye gefen motar, gilashin walda a goshi, yana jira. Na san abin da yake jira. Shekara goma sha ɗaya a garejin nan na Arfud, bai taɓa kai wuta jikin ƙarfe ba sai na ja alli a wurin. Ni na kafa dokar. Ni, Hafida, injiniyar gwaji, uwar dokoki.

Allin yana aljihuna. Ina jin tudunsa.

Jami'in kwastam ya sake duba agogo. Ba laifinsa. Da takardar wucin gadi motar ta shigo ƙasar nan: ko ta koma inda ta fito, ko a yanka ta a gabansa ya sa hannu. Kamfani ya ce ba za ta koma ba. Ba kuma za a sayar ba, kada abokan hamayya su leƙa cikinta. Saura yanka. Lamba Bakwai — motar tseren da ba ta taɓa shiga tsere ba.

"Sake fasali." Haka wasiƙar kamfani ta kira shi. Wai ba rufewa ba ne. Kasuwa ta faɗi a Turai, mutane sun daina sayen mota, sai sashen tsere ya koma ɗaki guda a hedikwata, ƙarƙashin masu talla. Mu ashirin da shida a nan. Kujera ɗaya a can. Tawa.

Me ya sa tawa? Babu wanda ya tambaya. Da ma sun tambaya… da na faɗa? Yau ce rana ta ƙarshe. Gobe mota za ta kai ni filin jirgi. In ban faɗa wa Baba Mbarek yanzu ba, shi ke nan, na tafi da shi a ciki.

Rahotona, shafi na arba'in da biyu.

Hantsi a kan tudun rairayin Marzuga, ni a durƙushe, ma'aunin zafi a hannu. Direbobi na dariya: ga likitar da ke auna zazzaɓin yashi. Zafinsa, laushinsa, iskar taya, inda ƙafa ta nutse, inda ta tsira. Baba Mbarek kuma yana bayana da butar shayi, yana cewa, "'Yata, yashin nan ba gudu zai yi ba, sha tukun." Littafi talatin da ɗaya na cika. Ban ɓoye ko layi ɗaya ba. Duk na tura wa mutanen hedikwata, suka ɗura wa kwamfuta.

Sai bara suka ce in gwada musu: abin da kwamfuta ta hango da abin da mota ta yi a kan tudu. Wata uku ina aikin. Da na yi ha'inci kaɗan… da na yi lalaci irin na kowa… A'a. Casa'in da bakwai cikin ɗari, daidai wa daida. Har layi na ja a ƙarƙashinsa, da rula, a shafi na arba'in da biyu. Ina murna. Ina jiran yabo kamar 'yar aji uku.

Yabon ya zo. "Kamar yadda rahoton Arfud ya tabbatar, babu sauran buƙatar gwaji a fili."

Kaza garin tone-tone ta tono wuƙa — amma wannan kazar ba ita aka yanka ba. Ita jirgi za ta hau.

Mutanen hedikwata, su da ba su taɓa tono mota daga yashi da tsakar rana ba. Su da suke zuwa sau ɗaya a shekara, su naɗa rawani, a ɗauke su hoto, su koma da kwalin dabino. Sun san sauran ukun nan cikin ɗari? A cikinsu ne mota ke kifewa. A cikinsu ne waldar tsohon nan ta riƙe rufin Lamba Biyar, direba ya fito da ƙafarsa. Na rubuta wannan ma. Shafi na sittin. Wa ke kaiwa shafi na sittin?

Jiya Baba Mbarek ya shigo da madfuna, gurasar nan mai nama a ciki, da zafinta, matarsa Itto ta gasa. Ya yanka mini tsakiya, inda naman ya fi yawa. "Ci, a can sai burodi mai sanyi." Na ci. Shekararsa hamsin da tara. Wa zai ɗauke shi aiki? Sai dai ya koma waldar ƙofofi a kasuwar Risani, hannun da ya…

Yanzu. Buɗe baki, Hafida. Baba, ni ce — kalma uku kacal. Baba, ni ce.

"Injiniya, rana tana yi," in ji shi. "Ja mana alli, mutumin gwamnati na da gida."

"Baba, akwai maganar da…"

"Ta shafi na arba'in da biyu? Assu direba ya fassara mini tun watan jiya." Ya sauke gilashin ya rufe idonsa. "Ya ce ko layin da kika ja bai karkace ba. Na ce ai 'yata ce."

Tun watan jiya.

Ke nan madfunar… ke nan tsakiyar da ya yanka mini… Da zagina ya yi, da na sami abin riƙewa. Yabo ne wannan ko mari? Gilashin baƙi ne, ba na ganin komai sai fuskata.

Wutar ta kama, shuɗiya, tana huci. Yana jira.

Wuri uku ne. Bayan kujerar direba, gindin injin, da mahaɗar da ya kwashe mako biyu yana ɗinkewa. In aka yanka nan, babu mai sake tayar da ita har abada. Duk duniya babu wanda ya san wuraren nan kamar ni.

Allin ya fito. Na sunkuya bayan kujerar direba. Na ɗora shi a kan ƙarfen, ina ja, ina kallo…

Wannan ma bai karkace ba.