Wa Zai Wanke Kofunan Ataya

A wani gidan suna a unguwar Maamobi Alhaji Majidu ya sake ba da labarin motar, kuma a wannan karon har Zalia sai da ta yi dariya.

Adiza na zaune a ƙarƙashin rumfa, ta miƙe ƙafafunta masu kumburi a kan wata kujerar roba. Wata uku ke nan da likita ya raba ta da tukunyar wake da shinkafar da ta shekara talatin tana tsaye a kanta, 'yarta Zalia ta gaji ludayin. Tun daga nan ba ta da aiki sai zuwa suna da biki, da sauraron bakin mutane.

"Mace da mota, jama'a!" in ji Majidu, haƙorin Makkansa yana walƙiya. "Na ce mata, baiwata, kawo in gwada miki burki. Na sake ta daga kan gadar katako, fuuu, sai cikin babbar kwata. Burki bai kama ba! Ku ga kuka. Majina har haɓa."

Rumfar ta ɗauki dariya. Adiza ma ta buɗe haƙora, domin haka ake yi.

Shekararta tara sa'ad da ta ƙera motar. Babanta maƙerin fitilun gwangwani ne a Nima, ita kuwa ta fi son zama a gefensa da zama a madafa. Sati shida ta yi tana tara kaya: gwangwanin madara huɗu, na kifi guda biyu, tsohon silifa da ta yanka ta fitar da tayoyi, wayar keke, marfin kwalba biyu na fitilun gaba. Yaran layinsu duk suna da motocin gwangwani, amma tata kaɗai ce ƙofarta ke buɗewa ta rufu. Ta shafe ta da shunin wanki, ta rubuta SAI KUMASI a goshinta da tsinin ƙusa. Kwana ɗaya tak ta ja ta a layi, yara na bin ta a baya kamar ta zo da amarya. Washegari Majidu ya gwada burki.

Da ta shiga gida tana kuka, uwarta ko ɗaga kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa. "Ɗan kawunki ne. Taubashinki ne. Ba a fushi da taubashi." Al'adar da kakanninsu suka zo da ita daga Kano ke nan tare da buhunan goro: 'ya'yan wa da 'ya'yan ƙanwa abokan wasa ne, su zagi juna, su ƙwace wa juna abu, wanda ya yi fushi shi ne mai laifi. Babu wanda ya taɓa Majidu. Adiza ba ta sake riƙe almakashin gwangwani ba.

Shekara hamsin ke nan Majidu yana cin ribar wannan al'ada shi kaɗai. A hanyar komawa gida, cikin motar haya, ta lura da abin da ba ta taɓa lura da shi ba: ita ma taubashiya ce. Abin da ya halatta masa a kanta ya halatta mata a kansa.

Kowa a Nima ya san inda girman Majidu yake ajiye. Ba a shagonsa na tayoyi ba ne, ba kuma a sahun gaba na masallaci ba. Yana ƙarƙashin wata darbejiya ne a gefen hanyar Kanda, a majalisar da ake kira bes, inda dattawa ke taruwa bayan la'asar suna shan shayin ataya suna buga dame, darar nan ta allo mai gidaje baƙi da fari. Dokar bes ɗin guda ce: wanda aka cinye ya tashi daga benci, ya tsuguna gaban bokiti ya wanke kofunan ataya, kowa na kallo. Majidu yana faɗa a kowane taro cewa rabon hannunsa da ruwan bokitin nan tun kafin a haifi ɗansa na fari.

Abin da Adiza take so ke nan. Ta gan shi a tsugune.

Ta san wadda za ta koya mata. A kasuwar Agbogbloshie akwai Sanatu, Badagomba mai sayar da doya, wadda ta shekara ashirin tana cinye direbobin manyan motoci a dame yayin da suke jiran a sauke musu kaya. Adiza ta same ta a bayan tulin doya, allo a kan cinya.

"Kai, Adiza, da tsufanka?" in ji Sanatu, da Hausarta ta Zango wadda ba ta raba mace da namiji. "Wa ya ɓata maka rai?"

"Likita ya ce in nemi abin da zan riƙa yi a zaune."

"Ƙarya. Mai neman abin yi ba haka idonsa yake ba. Zauna."

Wata takwas ta yi tana zuwa. Da farko ko riƙe 'ya'yan ba ta iya ba, sai su zame daga yatsunta da suka saba da ludayi. Sanatu ta cinye ta sau ɗari ba tare da tausayi ba, tana tauna goro tana kiran farashin doya ga masu wucewa. Ta koya mata ta ba da biyu ta ci uku. Ta koya mata cewa ɗan da ya kai ƙarshen allo ya zama sarki, yana tafiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma sarkin da ci ya zo masa bai gani ba, ɗauke shi ake yi daga allo. Wanda ya rage da ɗa ɗaya ya faɗi. A gida Adiza ta zana allo a bayan tsohon faranti, ta jera marafan kwalba, tana wasa da kanta har shinkafar Zalia ta huce a gabanta.

Wani abu ya ba ta haushi: ta fara jin daɗin wasan. Ranar da ta fara hango tafiya huɗu a gaba, sai ta ji irin abin da ta ji sa'ad da ƙofar gwangwani ta fara rufuwa daidai a hannunta, har ƙwalla ta cika mata ido a tsakiyar kasuwa. Ta share da bakin gyale. Ba jin daɗi ya kawo ta ba.

"Allo rabin wasa ne," Sanatu ta ce mata ranar ƙarshe. "Ɗaya rabin baki ne. Mutumin naka yana da surutu?"

"Kamar rediyo."

"To nemo abin da zai sa ya yi shiru."

Ranar Lahadin da ta fara zuwa bes, hira ta tsaya cak. Mace ba ta zama a nan. Razak mai ataya ya tsaya da buta a sama, ya rasa inda zai zuba.

"Hajiya, lafiya? Ko an yi rasuwa ne?"

"Bawana na zo gani," ta ce, ta zauna a kan bencin da ke fuskantar Majidu. "An ce ya iya dame. Na ce ƙarya ne, ko ɗaurin wando bai iya ba."

Dattawa suka dubi juna. Wani tsoho mai carbi, Malam Fu'ad, ya ce, "Taubashiya ce. Ba mu da ta cewa."

Majidu ya yi dariya har hularsa ta karkace. Cikin minti goma ya share ta. Yana buga kowane ɗa a allo da ƙarfi, ƙwas, yana waƙa, yana tambayar ta ko ta zo da soso daga gida. Adiza ta tsuguna da gwiwoyinta masu ciwo ta wanke kofuna goma sha biyu. "Da ma aikinku ne," wani ya ce daga baya. Ta ji, ta ajiye.

Lahadi bakwai ta wanke kofuna. Zalia ta roƙe ta ta daina, wai ana maganarta har a wurin sayar da abinci. Amma kowace faɗuwa tana komawa gida da wani abu. Majidu gwani ne, wannan babu musu. Sai dai yana son yin sarki da wuri, ya kafa shi a kusurwa kamar tuta, sannan ya manta da shi ya koma yi wa jama'a wasa. Idonsa yana kan inda ake gwabzawa, kunnensa yana kan masu dariya.

Lahadi ta takwas an yi yayyafi da rana, ƙasa na ƙamshi, mutane sun fi na kullum domin labari ya zaga. Majidu ya yi sarkinsa da wuri kamar yadda ya saba, ya kafa shi a kusurwar hagunta. Yana da shida, tana da biyar. Adiza ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta tura ɗa guda can nesa, ta ajiye shi a kan layin sarkin, bayansa a buɗe. Idan ya gani zai ci shi ya zarce da wani, wasa ya ƙare, ta koma bokiti.

Kafin ya sunkuyar da kai ta ce, "Malam Fu'ad, ka san ragon layyar Alhaji Baba na Kanda? Wani fari mai ƙaho kamar na bijimi?"

Hannun Majidu ya tsaya a sama.

"Shekarar bawana sha shida lokacin, har ya fara shafa turare yana tsayawa a ƙofar gidan 'yan mata. Rago ya tsinke igiya. Duk layin nan babu wanda ya zaɓa sai bawana. Ya bi shi har bayan gidan wanka, ya haye katanga, waya ta riƙe wando. Shi ya dira ta can, wando ya tsaya ta nan."

"Adiza," in ji Majidu a hankali. Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta.

"Ni na same shi a bayan tankin ruwa ya rufe gaba da murfin bokiti. Ni na kwance zanena na sama na ba shi. Daga Kanda har Nima a cikin zanen mace, mai zanen kaji, yana rangwaɗa kada a gane shi. Wani direba har fito ya yi masa!"

Bes ya fashe. Razak ya ajiye buta ya riƙe ciki. Wani ya faɗo daga kan benci. Shekara arba'in da 'yan kai tana riƙe da labarin nan, domin ya roƙe ta yana kuka, ita kuma ta ɗauka ana riƙe wa mutum irin wannan.

Fuskar Majidu ta yi baƙi ƙirin. Ya yunƙura zai miƙe, jijiyar wuyansa a tashe. "Ke, wallahi in ba ki..."

"A'a, Alhaji," in ji Malam Fu'ad yana share hawaye da bakin riga. "Taubashiya ce. Ba a fushi."

Majidu ya koma ya zauna. Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Ya cafki ɗan da ya fi kusa da hannunsa ya buga shi gaba, ƙwas, don kawai a ji ƙara a daina kallon sa.

Adiza ta bar ƙarar ta lafa. Sannan ta miƙa yatsa ta bi layin a hankali, gida bayan gida, daga ɗanta har zuwa kusurwa, yadda kowa zai gani.

"Sarkinka yana da ci. Bai ci ba."

Ta ɗauke sarkin da yatsu biyu ta ajiye a cinyarta.

Abin da ya biyo baya bai daɗe ba. Ya so ya dawo cikin wasan, amma duk sa'ad da ya sunkuya sai wani ya yi kukan rago daga baya. Ta ba shi biyu, dole ya ci, ta ci uku, tana buga kowane tsalle a allon da ƙarfin da ta shekara talatin tana juya tukunya da shi. Tafiya huɗu bayan nan ɗa ɗaya ya rage masa, a gefen allo, shi kaɗai.

Razak ya turo bokitin da ƙafa, a hankali, kamar yana jin kunyar bokitin.

"Gwiwata," in ji Majidu. "Kun san gwiwata tana..."

"Tawa biyu ne," in ji Adiza. "Sau bakwai."

Ya tattare babbar rigarsa ta shadda ya cusa tsakanin cinyoyi. Ya tsuguna. Bai san inda ake ajiye soso ba, sai da Razak ya nuna masa. Kofunan ƙanana ne, yatsunsa manya, ɗaya ya kuɓuce ya nutse, ya shiga lalube har hannun rigar ya jiƙe zuwa gwiwar hannu. Masu wucewa ta hanyar Kanda suka fara tsayawa. Adiza ta zauna daram a kan bencin, ta kafa masa ido, ba ta yarda ta ƙifta ba kada wani abu ya wuce ta. Ta yi zaton za ta ji tausayi ya taso mata. Ta saurara, ta jira shi. Bai zo ba.

Da ya gama ya jera su a faranti, ya dafa ƙasa zai tashi. Ta miƙa hannu ta ɗauki guda, ta ɗaga shi sama ta duba gindinsa a hasken yamma, ta juya shi.

"Akwai sauran sukari a nan," ta ce, ta sake shi cikin bokitin. "Sake."