Jeren Kwanonin Sabo

Ilya mutum ne da ba ya son surutu. Injiniyan ruwa ne, ɗan Damagaram, yana zaune a Rillieux-la-Pape bayan Lyon da matarsa Raihana, bene na shida. Wanda ya gan shi da kwat da tabarau sai ya rantse ko dara bai taɓa yi ba. To amma a ƙarƙashin teburinsa akwai wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, mai nauyin buhun gero, in an kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin niƙa, kuma wasa ɗaya tak ne a cikinta.

Wasan irin na da ne, na takobi da matsafa da dodanni. Ka ƙera jaruminka, ka raɗa masa suna, a sake ka cikin wata ƙasa ta ƙarya ka yi ta gantali. Fuskokin mutanen ciki kamar da gatari aka sassaƙa su. Babu taswirar kirki. In an aike ka sai a ce bi rafi har ka ga itace mai reshe biyu, ka yi hagu, daga nan kai da Allahnka. Ka kai wa ɓera sara goma, tara su sari iska. Mafi muni, ba ya adana aikinka da kansa. In ka manta ba ka danna ajiya ba, na'urar ta sume, to wahalar yini guda ta bi ruwa.

Sai dai yana da hali ɗaya na kirki. Abin da ka ajiye, nan zai zauna inda ka ajiye shi, ko shekara nawa aka yi.

Lokacin da Ilya yake karatu, ɗaki ɗaya suke da wani Sabo, shi ma ɗan Damagaram, kuma jarumi ɗaya suke ja su biyu. Sabo bai damu da kashe dodo ba. In an shiga kogo, Ilya na neman takobi, shi kwanoni yake kwasa. Ya sami wani ɗan gida a bakin tafki cikin wasan, ya yi wata da watanni yana jera su a kan kanta, manya ƙasa, ƙanana sama, irin jeren ɗakin mahaifiyarsa Ameena a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Har tabarma ya shimfiɗa. Daga baya Sabo ya koma Damagaram, ya yi jinyar kwana tara ya rasu, shekara shida ke nan, Ilya bai samu zuwa jana'iza ba. Tun daga ranar bai ƙara kashe ko sauro a wasan ba. Wata-wata yakan kunna, ya kai jarumin ƙofar gidan, ya cire masa takalma, ya shiga ya tsaya, ya fito. Bai gaya wa kowa ba, har Raihana.

Ana nan sai aiki ya kai shi Grenoble kwana uku. A bayansa Hajiya Fatsima, gwaggon Raihana, ta zo daga Paris gaisuwa. Ita kuwa sana'arta tura kaya gida, kuma idonta ba ya wuce abin da ke zaune a lungu. Ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ce, “Wannan kuna aiki da ita?” Raihana, wadda ta gaji da share mata ƙura, ta ce, “Gwaggo ɗauki mana.” Aka kira taksi.

Ranar Juma'a Ilya ya dawo ya tarar da wurin fes, sai shatin ƙafafu huɗu a kan kafet.

“Makarantar unguwar su Gwaggo can gida za a kai wa,” in ji Raihana. “Can za su wanke cikinta tas su sa abin karatu. Gobe ƙarfe huɗu mota za ta kwashi kwalayen.”

“Kira ta ki ce ta dakata.”

“Ni? In ce wa Gwaggo ta maido kyauta? Me ke ciki?”

“Takardu.”

“Waɗanne takardu?”

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Da safe ya hau jirgin ƙasa na fari.

A Goutte d'Or, unguwarta a Paris, Hajiya ta tarbe shi kamar ya dawo daga Makka. Ina gajiya, ina iyali, ina sanyin Lyon, ina waɗanda aka baro. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Aka kawo dambu ya ci. Aka ƙaro ya ci. Sau uku ya buɗe baki, sau uku abin da ya fito shi ne, “To madalla.” Mutum mai shekara arba'in da ɗaya, da furfura a gemu, ya ce wa surukarsa ya biyo wasan yara tun daga Lyon? Ƙarfe biyu da rabi ya ce zai sauka ya gaida Mahamat.

Mahamat ɗan Chadi ne mai gyaran waya a ƙasan benen, kuma a bayan shagonsa Hajiya ke tara kwalayenta. Shi Ilya ya iya faɗa masa, ko da yake rabi ya faɗa.

Mahamat ya yi dariya har ya riƙe kanta. “Wannan wasan? Wallahi na san shi tun N'Djamena. Franchement, Malam Ilya, abin haushi ne. Ka yi awa uku kana tafiya, jaruminka ya maƙale a cikin dutse, shi ke nan. Doki ya hau rufin gida ya ƙi saukowa!”

“Amma ka taɓa ganin inda kowane ƙauye ke da nasa tarihi? In ka cuci mutum ɗaya, danginsa a wani gari su ƙi sayar maka da gurasa.”

“Wannan gaskiya ne. Kiɗansa ma akwai daɗi. Amma abin da ba ya ajiya da kansa, ai mugunta ce. Sau nawa na yi kuka a kansa.”

“Minti goma nake so. In kwafe abu ɗaya.”

Mahamat ya nuna wani kwali da aka naɗe da salatif kamar mai karaya, an rubuta suna da jan alƙalami a fuska huɗu. “Hajiya ce ta ɗaure da hannunta. Wanda ya yanka wannan ba da izininta ba, ya bar unguwar nan. Ni ina da iyali.”

“Izinin wa ake nema?”

Hajiya ce tsaye a bakin ƙofa da carbi. Ashe tun ɗazu ta biyo shi, don ta san ba dambu ne ya taso mutum daga Lyon ba. Agogon shagon ya nuna uku da kwata.

Ilya ya dubi kwalin, ya dubi ƙasa. Sannan ya faɗa, da murya irin ta mai karanta rahoto a ofis. Ya ce wasa ne. Ya ce akwai ɗaki a ciki, Sabo ne ya jera shi, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai a cikin kwalin nan.

“Wane Sabo? Na Ameena ta Birni?”

“Shi, Hajiya.”

Ta ja carbi biyu. “Mahamat, miƙo wuƙa.”

Na'urar ta yi gurnaninta na minti huɗu. Ilya ya kai jarumin ƙofa, kuma duk da idanu huɗu na kansa, ya cire masa takalma. Mahamat ya buɗe baki zai yi tsiya, ya fasa. Hajiya ta matso da fuska har hancinta na shirin taɓa gilashi.

“La ilaha illallahu. Ɗakin Ameena ne! Ga tasoshinta, ga inda take sa tulu. Wannan mai fuskar turmin kuwa wane ne?”

“Ni ne, Hajiya.”

“Allah ya kyauta. Amma yaron nan ya yi kuskure. Babbar langar nan dama take zama, ba hagu ba. Kawo in gyara.”

Kafin a ce wani abu ta dangwara tafin hannunta a kan maɓallan. Jarumin ya zabura ya banke kantar. Kwanoni suka tashi sama, wasu suka shige bango, ɗaya ya tsaya a iska yana ta juyawa, tulu ya gangara ya fita ƙofa. Aikin wata takwas.

Ilya ya ɗaga hannu zai tare ta. Hannunsa dai ya tsaya a sama kamar mai shirin kabbara.

Mahamat ya sunkuya ya fizge wayar wuta. Gilashin ya yi baƙi.

“Ka kashe shi!” in ji Hajiya.

“Hajiya, wasan nan ba shi da hankalin ajiye ko alheri ko ɓarna sai an ce masa. Bon, yau dai rashin hankalinsa ya yi rana.”

Aka sake kunnawa, aka sake jiran gurnani. Ga kwanoni nan a jere, manya ƙasa, ƙanana sama, langa a hagu. Hajiya ta maida hannayenta bayanta ta riƙe, ta ce a ɗaukar mata hoto da wayarta. Mahamat ya kwafe wasan gaba ɗaya a ƴar kile, wato filas, mai kamar ɗan yatsa, ya ƙara kwafewa a ta biyu don ya san halinsa. Huɗu saura biyar aka sake naɗe kwalin, mota ta ɗauka.

Da za su rabu Hajiya ta ce, “Ka kwantar da hankalinka, ɗana, ni ba mai yawo da maganar mutane ba ce.”

Jirgi bai kai rabin hanya ba mata uku sun kira Raihana, ɗaya daga Bobigny, biyu daga Yamai. Ana gab da shiga Lyon sai ga saƙon murya Hajiya ta turo masa, ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Muryar wata tsohuwa ce daga Birni, Ameena mahaifiyar Sabo. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta sa albarka, sannan ta ce a gaya wa Fatsima langar hagu take a wancan lokacin, sai bayan rasuwar Sabo ne aka matsar da ita dama.

Ilya ya saurara sau biyu, ya taɓa aljihun da kile ɗin suke, ya tashi ya ɗauki jakarsa.