Auren Mesa a Barandar Mama

Yayyena biyu, Merv da Lionel, sun fi shekara shida ba sa ga maciji da juna, alhali kowannensu da macizai yake kwana yake tashi. Rigimar ta samo asali ne ranar jana'izar Baba, a kan wani kwale-kwalen kamun kifi da ko inji ba shi da shi. Ƙatti biyu masu furfura, kowa da tumbinsa, suka cakumi juna a gaban fasto. Tun daga ranar, in Merv zai zo gaida Mama a garinmu Humpty Doo sai ya bugo mini waya: "Glenys, wancan jakin yana nan?" Lionel ma haka, sai dai shi "wancan aladen" yake cewa. Ni ce auta, ni ce 'yar aike, kuma na gaji.

Mama ta haura tamanin, ciwon zuciyarta yana wasa da mu. Abu ɗaya take so, kuma ta faɗa ba ɓoye-ɓoye: ta ga su biyun suna cin abinci a teburinta tun tana da ido. Na roƙa, na yi zagi, na yi kuka, ko gezau.

Dukansu mesa suke kiwo, irin wadda ke kwana a silin gidajenmu, sai dai su launi suke nema. Merv yana da zabiya, rawaya da fari, mai jan ido. Ya saye ta tun tana kamar igiyar takalmi, mai sayarwa ya duba gindin wutsiya ya ce mace ce, shi kuwa ya raɗa mata Doreen, sunan matarsa da ta gudu, wai ita ma ba ta kula shi sai in da abinci a hannunsa. Bai taɓa haɗa ta da namiji ba, wai duk ƙasar babu sa'anta. Lionel kuma yana da namiji ruwan toka, ko ɗigon rawaya babu a jikinsa, yana ce masa Sajan.

Duk mai wannan sana'a ya san lissafin. In aka haɗa zabiya da ruwan toka, 'ya'yan za su fito kamar kowace mesar bayan gida, amma jinin biyu yana ɓoye a cikinsu. In suka girma aka sake haɗa su, ɗaya cikin sha shida zai fito fari fat kamar gishiri. A kan wannan farin, na rantse, kowannensu zai iya ba da ƙodarsa.

Sai na ce wa Merv, "Lionel ya ce Doreen ɗinka ta tsufa a gida." Na ce wa Lionel, "Merv ya ce Sajan hoto ne kawai." Da ma sun faɗa, ni dai na kai saƙo. Ba wanda ya yarda ya taka gidan wani, don haka aka tsayar da magana a barandar Mama, ranar Lahadi da rana, cikin watannin sanyi da mesa ke neman juna.

Suka iso kowa da rigar matashin kai a hannu, maciji na motsi a ciki. Babu gaisuwa.

"Wannan ne angon?" in ji Merv. "Kamar tsohuwar tayar keke."

"Taka fa? Ka ƙoshar da ita da ɓeraye har ta yi kama da kai."

"Ku rufe mini baki, ku zuba su," in ji Mama daga kujerarta.

Aka zuba su cikin babban akwatin gilashi. Da fari shiru, sai harsuna. Can sai Sajan ya miƙe, Doreen ma ta miƙe, suka nannaɗe juna kamar kitso, kowa na ƙoƙarin danne kan ɗan'uwansa. Suka faɗi rim, suka sake tashi, gilashi har yana girgiza.

"Tirƙashi! Ka ga soyayya!" Merv ya daka tsalle.

"Na gaya maka Sajan ba ya wasa!"

"Ai ita ma ba kanwar lasa ba ce, duba yadda take mayar masa!"

Lionel ya buɗe kwandon ƙanƙara, ya ciro giya biyu, ya miƙa wa Merv ɗaya bai ma san ya yi ba. Merv ya karɓa. Kafaɗa na gugar kafaɗa, hanci a jikin gilashi, har sun fara gardamar sunan farin da ba a haifi uwarsa ba.

Ni kuwa sai na tuna. Bara waccan wasu macizai biyu sun fasa silin kicin ɗin Mama, suka faɗo kan firji a nannaɗe haka, kuma mai kamun macizan da ya zo ya nuna mana duka maza ne. Barbarar mesa shiru ake yinta, a kwance, wutsiya kan wutsiya. Wannan dambe ne tsagwaronsa. Shekara da shekaru Merv yana shafa ƙato yana ce masa 'yar lelena.

Dariya ta taso mini har wuya. Na buɗe baki: "Kai sakarkaru, ai wannan..."

Mama ta mintsine ni a cinya, mintsinin da rabona da shi tun ina 'yar firamare.

"Lionel," ta ce, "yaushe farin zai fito?"

"Sai ta yi ƙwai, Mama, a ƙyanƙyashe, su girma, a sake haɗawa. Shekara huɗu ko biyar."

"In ma ta ɗauka bana," in ji Merv. "Wani sa'in sai an yi ta gwadawa."

"To madalla," in ji Mama. "Ku raba su haka, amarya ta gaji. A nan za su zauna, kowa da akwatinsa. Ni ba na ba maciji ɓera, Glenys ma haka. Duk Lahadi ku zo ku biyu ku yi da kanku."

Ta ce in kai ta kicin. Ina rufe ƙofa na ce, "Mama, Doreen fa namiji ne."

"Ke yanzu kika gani? Maza biyu na haifa, in na ga dambe na san shi."

"Ƙwai ba zai taɓa zuwa ba!"

"Ni na ce miki ƙwai nake so?"

Daga baranda muka ji Merv ya tuntsire da dariya, Lionel yana zaginsa, irin zagin da ba ya ciwo. Mama ta karkata kunne ta daɗe tana saurare. Tausayinta ya kama ni.

"In na mutu ki gaya musu," ta ce. "Yanzu dai fito da faranti huɗu."